Ƙusar da Na Sa wa Tantan ɗin Babanmu

Tantan ɗin gidanmu bai fi ɗan maraƙi girma ba. Idan ya tsaya kusa da jakin maƙwabcinmu, jakin ne ke kallonsa daga sama. Babanmu ya saye shi shekarar da aka ba mu jiha, wurin wani mai lambun mangwaro a bakin gulbin Gagare, shi ma mai lambun bai san wanda ya fara hawansa ba. Fenti ya rabu da shi tun kafin a haife ni. In aka tayar da shi kuwa, kajin unguwa uku sai sun yi kwana biyu ba su yi ƙwai ba. Amma yana aiki. Yana jan wata 'yar tirela, ya kai taki gonarmu ta hanyar Sakajiki, da kaka kuma ya kwaso dammunan gero ya kawo gida. A duk layinmu na Kaura mu kaɗai ke da shi, saboda haka nake tafiya kamar ni na ƙera shi.

Bara da kaka tayarsa ta baya, ta hannun hagu, ta fara rawa. In yana tafiya sai ka ga tana kaɗa kai hagu da dama kamar tsohuwa ta ji labarin da ba ta yarda da shi ba. Babanmu ya aike ni in kira Baba Fita.

Baba Fita tsoho ne da ya yi aikin gyara a reluwe tun jirgi na zuwa Kaura a kan lokaci. Ƙarar guduma ta cinye masa kunne ɗaya da rabi, sai ka yi magana kamar kana kiran shanu sannan ya ji. Yana da 'yar rumfa ta langa-langa kusa da kasuwa, kuma abincinsa a wannan lokaci injinan ban-ruwa ne. Da kaka masu noman rani ke kawo masa su ya duba kafin a sauka fadama. Abin da ya samu a waɗannan makonni shi ke riƙe gidansa har damina. Ranar da na je kiransa injuna bakwai na gani jere a rumfar.

Ya zo ran Litinin da jakar kayan aikinsa. Ya sa jak, ya tara duwatsu a ƙarƙashi, ya cire tayar. Daga nan ya zare wani dunƙulen ƙarfe da tayar ke ɗaure a jikinsa, ya ce sunansa hob. Hob ɗin yana zama ne a bakin sandar ƙarfen da ke juya taya, kuma tsakaninsu akwai wani ɗan rami mai tsawon ɗan yatsa. A cikin ramin ake kwantar da ɗan guntun ƙarfe mai kusurwa huɗu, ana ce masa ki, shi ke hana hob zamewa. Namu ya cinye, ya koma kamar tsinken sakace.

Baba Fita ya wanke komai da kananzir. Ya goge. Ya sake wankewa, ya sake gogewa. Ni ina tsugune ina hamma. Na ɗauko gwangwanin giris na miƙa masa don in taimaka a gama da wuri. Ya buge mini hannu.

"Mi za ka yi da wanga?"

"A shafa mana, Baba!" na faɗa da ƙarfi don ya ji.

"Amalanke na? Ba a sa mai nan. Wanga wuri ba juyi shika yi ba, riƙo shika yi."

Na ce to. A raina kuwa na ce tsufa ya zo. Wa bai san ƙafar da ke kuka mai take so ba? Tun ina ƙarami nake ganin masu amalanken shanu suna zare ƙafa su lafta baƙin mai, su mayar, su soka ƙusa su lanƙwasa, shi ke nan har Shinkafi. Ba wanda ya taɓa wanke ta da kananzir kamar jariri.

Ya gaya wa babanmu sai ran Alhamis zai je kasuwar Shinkafi ya samo ƙarfen da zai yanka sabon ki, da sabon noti. Ran Juma'a ya ɗaura. Ya rufe bakin sandar da tsumma, ya bar babbar sifanarsa a zaurenmu don nauyi, ya tafi.

To ga inda matsalata take. A shekarar, da yake an fara Shari'a, dattawan unguwarmu sun shirya kowa ya kawo zakkar hatsinsa ƙofar masallaci ran Alhamis ɗin nan, a haɗa a raba. Ni kuma tun sati biyu nake cika wa abokaina baki cewa da tantan za mu kawo tamu, kuma babanmu ya yi alkawarin in mun shigo gari ni zan riƙe sitiyari. Bai yi wannan alkawari ba. Cewa ya yi "mu gani." Amma ni a bakina "mu gani" ta girma har ta yi gemu. Yanzu ga tantan a kan duwatsu da ƙafa uku, ga babanmu yana maganar a nemo amalanke. Abokina ɗaya, mai dogon wuya, har ya fara: "Direba, yaushe za a ɗaura ma jakin naka ƙahwa?"

Ran Talata babanmu ya tafi Zurmi ta'aziyya. Ran Laraba da hantsi na ɗauko sifanar Baba Fita.

Na samo ƙusa mai inci shida a bayan rumbu, na sare kanta. Na zura ta cikin ramin nan, ta shiga tana ɗan wasa, na ce ai giris zai cike. Na lafta giris a sandar, na lafta a cikin hob, na ƙara don albarka. Hob ya shige sulluɓ, ba gardama. Na ce ka ga, abin da tsoho zai kwana huɗu yana yi. Na mayar da tsohon notin, na hau kan sifana da ƙafa biyu na yi tsalle sau uku. Ƙanena ya taya ni mirgino tayar, na ba shi rabin rake na ce in ya yi magana aljanin tantan zai bi shi makewayi. Na girgiza tayar, ba ta motsa ba. Wallahi a lokacin ji na yi da gwamna zai wuce da ya tsaya ya ba ni aiki.

Babanmu ya dawo bayan La'asar, ya ga tantan a tsaye da ƙafa huɗu. Ya zagaya shi, ya harbi tayar da ƙafa.

"A'a, Fita ya zo ya gama?"

Kalma biyu kawai na faɗa. "Ya gama."

"Ikon Allah. To ya samu ƙarhen nan gari ke nan."

Na ce i. Wannan kalma ta uku ke nan.

Washegari da sassafe Baba Fita ya shiga motar Shinkafi neman ƙarfe, mu kuma muka nufi gona. Zuwa lafiya lau. Tirela ba kaya, tayar tana tafiya kamar sabuwa, ni ina zaune a baya ina ɗaga wa duk wanda muka wuce hannu har da awaki. Muka ƙidaya dammuna, muka ware na zakka, muka ɗora, muka ƙara namu a kai har tirelar ta yi tozo. Muka juyo.

Akwai wani ɗan kwari kafin a hau babbar hanya, inda ruwa ke kwantawa har bayan damina. Masu amalanke da masu jakuna duk nan suke bi, ranar kuma cike yake da mutane saboda kowa na kai hatsi gari. Babanmu ya saka giya ya taka don mu haura. Na ji wani ƙas a ƙarƙashina. Injin ya yi ta kururuwa amma ba ma gaba. Sai na ga wata taya ta fito daga gefenmu, ta wuce mu a hankali, cikin natsuwa, kamar mai zuwa masallaci da sauran lokaci. Har na buɗe baki zan ce Baba dubi tayar wani. Tamu ce.

In ka ji ni ina ba da labarin a makaranta, cewa nake tayar ta bi hanya ita kaɗai har tashar Kaura ta tsaya a layin motar Gusau. Gaskiyar ita ce taku ashirin ta yi ta faɗa cikin gonar wake. Amma sauran ba ƙari a ciki. Tantan ya durƙusa ta hagu, tirela ta bi shi, dammuna suka zube cikin caɓi, na zakka da ke ƙasa su suka fi shan laka. Babanmu ya faɗo a kan hannunsa. Hularsa ta yi nata wuri. Ni na sauka a kan gero, ko ƙwarzane ban yi ba, abin da har yau nake ganin rashin adalci ne.

Mutane suka taru da salati. Aka ɗaga babanmu, wuyan hannunsa ya fara kumbura. Wani mai amalanke ya leƙa bakin sandar, ya dangwalo giris da yatsa, ya zaro rabin ƙusata a murɗe kamar tsutsa, ya ɗaga sama kowa ya gani.

"Jama'a ku duba! Ƙusa! Wa yag gyara wanga abu?"

Babanmu yana riƙe da hannu ya ce, "Fita na."

Ina tsaye a wurin. Bakina yana nan, harshena yana ciki, ba abin da ya same su. Na duƙa na kama tsintar zangarniya a cikin laka kamar ni ne yaron kirki na duniya. Har wani dattijo ya dafa kaina ya ce Allah ya yi mini albarka.

Kafin mu isa gida a amalanken aro, labari ya riga mu. Kafin Magariba ya yi 'ya'ya. An ce Fita ya tsufa, ido ya bi kunne. An ce ya sayar da ƙarfen kirki ya sa ƙusa. Wani ma ya ce a wannan zamani da ake duba mudu a kasuwa ya kamata a fara duba masu gyara.

Da safen Juma'a Baba Fita ya zo gidanmu da sabon ƙarfe naɗe a takarda, bai ji komai ba, don shi labari sai an kai masa har cikin kunne. Ya tarar da tantan da aka jawo da shanu, da maza biyar a ƙofar gida sun zo duba babanmu. Babanmu ya miƙa masa ƙusar da hannun da ke da lafiya, ya ɗaga murya.

"Fita, tsakaninka da Allah, wanga aiki naka na?"

Tsohon ya karɓi ƙusar ya juya ta. Ya tsuguna ya shafa bakin sandar, ya shinshina yatsansa. Ya dubi sifanarsa da ke jingine a zaure, ba a inda ya ajiye ta ba. Sannan ya dube ni. Ba fuskata ya duba ba, hannuwana. Na kwana biyu ina wanke su da toka da omo, amma baƙin giris yana nan a ƙarƙashin farce. Na tura su cikin aljihu. Ya daɗe yana kallon aljihun. Sai ya dubi mazan nan biyar, ya dubi babanmu.

"Aikin ga hannuna shike," ya ce. "Ni nab bar shi buɗe. Allah shi ba ka haƙuri, shi sawwaƙe hannu."

Ya ɗauki sifanarsa ya tafi. A lokacin na yi ajiyar zuciya, kuma wannan ajiyar zuciyar ita ce abin da na fi jin kunyarsa a duk labarin nan. Sai daga baya na gane bai so ya ce wa mutum ɗanka maƙaryaci ne a gaban baƙi, a ƙofar gidansa.

Ran Asabar Inna ta aike ni kasuwa sayen daddawa. Na bi ta gaban rumfarsa. Wani manomi yana ɗaure injinsa a bayan keke, ko buɗe shi ba a yi ba. Saura huɗu. Baba Fita yana taya shi riƙe keken. Ran Lahadi na sake bi, ba wanda ya aike ni. Saura ɗaya. Ran Litinin rumfar wayam, sai alamun mai a ƙasa inda injunan suka zauna. Yana zaune a kan benci da magagari yana goga ɗan ƙarfen nan da ya sayo a Shinkafi, a hankali, yana ɗagawa yana dubawa a rana. Sabon ki na tantan ɗinmu yake yi. Ba wanda ya ce ya ci gaba.

Tuwo ya daina wuce mini. Ni da Inna ke cewa in ana neman inda hatsin gida ke tafiya a buɗe cikina, sai ga ni ina barin saura. Ƙanena kuma ya gano yana da jari. Kullum sai ya zo kusa da ni ya ce a hankali, "Yaya, ina jin ƙwaɗayin rake."

A Islamiyya na jira aka tashi, na je wurin malaminmu. Na ce Malam, wani abokina ne, ba a garin nan yake ba, can wajen Badarawa. Na kwashe labarin na gaya masa, na mai da tantan injin niƙa. Na ce mene ne hukuncinsa yanzu, da bulala ko da abin da ya fi bulala? Don gaskiya na riga na fara gwada cin tuwo da hagu.

Malam ya ce, "Abokin nan naka, mahaifinai ma ya yi targaɗe?"



"Ba alƙalin da za shi kira shi," ya ce. "Da ma bulala ta, da ya huta, a yi a gama. Haƙƙin mutum na. Inda yaɓ ɓata shi, nan za shi gyara shi. Gaban mutane anka ci mutuncin tsohon ga, ba cikin ɗaka ba."

Na so a ce bulalar ce.

Ran Talata bayan La'asar dattawa na zaune a kan tabarmi a ƙofar masallaci kamar kullum, babanmu a cikinsu da hannu ɗaure da tsinke da zane. Na tsaya a gabansu. Na shirya jawabi mai kyau tun safe, har da aya a ciki. Da na buɗe baki ba abin da ya fito sai, "Ni na sa ƙusar."

Wani ya ce, "Wace ƙusa?"

Dole na fara daga farko: sifana, giris, tsalle uku, rabin rake, da "ya gama." Muryata ta koma ta ɗan akuya. Wani tsoho ya fashe da dariya ya ce, "Giris! Ya ɗauka amalanken kakanai na!" Saura ba su yi dariya ba. Babanmu bai dube ni ba ko sau ɗaya. Ƙasa yake kallo, kuma na ga kunyar da na guje wa kwana biyar ta tashi daga kaina ta sauka a kansa, don shi ne ya ambaci sunan Fita a gaban jama'a. Ya miƙe ya sa takalmi.

"Wuce mu tahi."

Na ɗauka gida za mu, na fara shirya bayana. Rumfar Baba Fita muka je. Babanmu, da furfurarsa, ya durƙusa a gaban bencin ya yi magana da ƙarfi yadda duk masu shagunan layin suka ji. Ni ma na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce mi? Na sake faɗa. Ya ce mi? Sai da na faɗa sau huɗu, na ƙarshen har masu nama suka waiwayo. Har yau ina zargin ya ji tun na biyu.

"Tashi," ya ce. "Noti nawa ka ɗaure da tsalle?"

"Ɗaya, Baba."

"To ka ci zaren sandar, inda noti ka bi. Aiki ya ƙaru."

Babanmu bai doke ni ba. Abin da ya yi shi ne ya aro baro, ya ce in bi gidan duk wanda ya ɗauke injinsa, in yi sallama, in faɗi abin da na yi da bakina, in roƙa a ba ni injin in mayar. Kwana uku ina yi. Wani gida a yi mini dariya, wani a yi mini wa'azi, wata tsohuwa ta leƙo ta ce a nuna mata yaron, tana son ta ga mai ƙusa. Abokina mai dogon wuya yana bina a baya yana busa hon da baki: "A ba direba hanya!" Injuna biyar na dawo da su. Biyu an riga an kai wa wani saurayi mai gyara a bakin tasha, masu su suka ce sun ji, Allah ya kyauta, amma an riga an kwance. Bana ma can suka kai.

Gyaran tantan ya ci mako guda. Baba Fita ya ce tunda ina son aikin, ni zan yi wankin. Na wanke giris ɗina da kananzir har sau biyar, yana shafawa da farin tsumma yana nuna mini baƙi. Ya gyara zaren da magagari. Ya kunna aci-balbal da rana tsaka ya turara bakin sandar har ya yi baƙi, ya zura hob ya zare, ya duba inda baƙin ya goge don ya san inda ƙarfe ke taɓa ƙarfe. Ya goga, ya sake turarawa. Sabon ki bai shiga da hannu ba, sai da ya bi shi da ƙaramar guduma, ƙwas, ƙwas, ya zauna daram. Ya ɗaure noti, ya soka ɗan fin mai hana noti kwancewa, ya buɗe bakin fin ɗin. Ya ce a yi aikin yini ɗaya a dawo a ƙara ɗaurewa. Tayar ba ta sake kaɗa kai ba. Ni kuma ban riƙe sitiyari ba, kuma ban tambaya ba.

Ƙusar tana nan. Ya miƙe ta a kan maƙera, ya kafa ta a ginshiƙin rumfarsa, yana rataye hularsa a kai in zafi ya yi. Duk ranar da na bi ta wurin na gaishe shi, sai ya nuna ta da haɓa ya ce, "Ka gani? Aikinta ke nan." Ina yin dariya don shi ma yana yi. Amma idona ba ya zuwa kan hular. Gefen rumfar yake zuwa, wajen bango, inda har yanzu akwai wurin injuna biyu.